Dajin da Ba Ya Ƙarewa: Nazari a kan Wasan Pokémon na Farko

Duk wanda ya tashi a ƙasar Ikara, Makarfi ko Kudan ya san kamun fara da sanyin safiya kafin raɓa ta bushe, ya san haƙar gyare a bakin gonar rake, ya kuma san daren da shinge ke fitowa, yara su kewaye fitila da kwanon ruwa. Da wannan ido na kalli wasan Pokémon na farko, wanda kamfanin Game Freak ya tsara, Nintendo ya fitar a Japan ranar 27 ga Fabrairu, 1996, a kan 'yar na'urar hannu mai suna Game Boy. Ni a wayar wani abokin ɗakina na buga shi, ina jami'a a Zariya.

Wanda ya ƙago wasan, Satoshi Tajiri, an haife shi a 1965, ya tashi a Machida da ke gefen Tokyo. Kamun ƙwari ne abin sha'awarsa, har abokansa suka laƙaba masa likitan ƙwari. Yana ji yana gani birni ya cinye gonaki da kududdufan da yake farauta a cikinsu. Ke nan rashi ne ya haifi wasan. Abin tambaya shi ne ko ya riƙe amanar wannan rashi.

Jigonsa a bayyane yake: yaro ya bar mahaifiyarsa a garin Pallet, Farfesa Oak ya ba shi zaɓin ɗaya cikin halittu uku, ya ɗora masa aikin cika kundi da bayanin halittu 150. Inda wasan ya yi fice shi ne sanin halin maharbi. Sai ka raunana halitta ba tare da ka kayar da ita ba kafin ta kamu, kuma mai garaje hannu rabbana yake komawa, kamar yaron da ya yi wa fara inuwa. Haka nan babu mai cika kundin shi kaɗai, domin an raba wasan gida biyu, Ja da Kore, kowanne da halittun da ɗayan ba shi da su, sai an haɗa na'urori biyu da igiya an yi musaya. Dabarar ciniki ce, ba shakka, amma ta tilasta wa yaro neman ɗan'uwansa.

Rauninsa yana cikin ciyawar. Ka kama tsuntsu Pidgey sau ɗari, ka koma wurin, wani zai taso. Dajin ba ya raguwa, ba ya amsa abin da aka yi masa. Halittar da aka buge suma kawai take yi, a kai ta asibiti ta farfaɗo kyauta. Mutumin da ya ga dajinsa ya mutu, sai ya gina wa yara dajin da ba ya mutuwa, ya koya musu cewa ɗiba ba ta da iyaka.

Sau ɗaya tak wasan ya kusanci gaskiya, a garin Lavender, inda akwai hasumiya cike da kaburburan halittu da masu makokinsu. A can kurwar Marowak ke tare hanya, uwar da 'yan ƙungiyar Rocket suka kashe. Nan ne kaɗai na ji nauyi a zuciya. Sai dai ko a nan an ɗora laifin a kan miyagu masu baƙaƙen kaya, waɗanda yaro zai iya kora, alhali abin da ya kashe dajin Machida titi ne da gidaje, aikin mutanen kirki. Abin mamaki, a wasan da ya biyo baya a 1999, an kwashe kaburburan zuwa wani ɗan gida, hasumiyar ta koma gidan rediyo, ba a ko tsaya jimami ba.

Da na je Saulawa a daminar bara, na nemi in nuna wa ƙanena yadda ake haƙar gyare a gefen gonarmu, inda yanzu feshi ya gaji fartanya. Mun yi yawo har rana ta take, rami biyu muka samu, ɗaya babu kowa a ciki. Ya ce in ba shi wayata, a can ya fi saurin samu.