Jar Fitila a Ƙafa 20,000: Nazari a kan Kwaikwayon Tuƙin Tsofaffin Jiragen Yaƙi

Daga cikin fannonin da kwamfuta ta zo da su a wannan zamani akwai kwaikwayon tuƙin jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, inda mutum zai zauna a ɗakinsa, sandar tuƙi a hannun dama, totur a hagu, ya share makonni yana koyon tayar da injin da aka ƙera tun kakansa yana yaro. Ma'abota wannan fanni sun rabu mazhaba biyu. Ta farko, wadda War Thunder ke wakilta, ta ɗauke wa mutum galibin ɗawainiyar inji domin ya fuskanci harbi da kauce wa harbi; ta biyu kuwa, wadda DCS World ta kamfanin Eagle Dynamics ta yi fice a cikinta, ta ɗauki alkawarin cewa kowane makunni da kowane bawul da ke cikin ɗakin matuƙi zai yi aikin da ya yi a jirgin asali, kuma bisa wannan alkawari ne ta fitar da Mustang a 2012, da Spitfire a ƙarshen 2016. Da yake ba a auna gaskiyar mai alkawari da manyan al'amura waɗanda idon kowa ke kai, sai da ƙanana waɗanda zai iya tsallakewa ba a lura ba, na zaɓi in auna mazhaba ta biyun da wata 'yar mas'ala, watau abin da ke samun fetur idan jirgi ya yi nisa a sama.

Asalin mas'alar shi ne, ruwa ba ya tafasa don zafi kaɗai, sai zafin ya rinjayi nauyin iskar da ke danne shi. A bakin teku iska tana danna kowane inci murabba'i da nauyin laba 14.7, a ƙafa 18,000 rabin wannan ne ya rage, a ƙafa 30,000 kuwa bai kai sulusi ba. Shi fetur ɗin jirgi, wanda dama da gangan aka tace shi ya zama mai saurin tashi, tururinsa yana iya kai ƙarfin laba 7 idan zafinsa ya kai digiri 38, alhali iskar da ke ƙafa 20,000 ba ta cika laba 7 ɗin ba. Mai karatu zai ce, ai can sama sanyi ake yi, har wajen digiri 25 ƙasa da sifili a wannan tsayi. Haka ne, amma jirgin yaƙi yana kai can kafin minti goma, man da ya wuni a rana kuwa ba ya hucewa cikin minti goma, saboda haka sai ya isa sararin sanyi ɗauke da zafin ƙasa, ya fara ɓararraka a cikin tanki ba tare da wuta ba. Wanda ya san ranar Kano a watan Afrilu, inda daga 1940 jiragen yaƙin Ingila suka riƙa yada zango suna shan mai a hanyarsu daga Takoradi zuwa Masar, ya san irin zafin da ake nufi.

Sa'an nan famfon da inji ke juyawa zuƙo mai yake yi, zuƙa kuwa ƙara rage matsi take yi a cikin bututu, don haka a daidai bakin famfon ne kumfa ke fara taruwa, har famfon da aka yi domin ruwa ya koma yana dukan tururi, matsin mai ya faɗi, inji ya yi tari ya ɗauke. Tsofaffin direbobinmu da ke jiƙa tsumma su ɗora a kan famfon mai idan mota mai kafireta ta ƙi tashi da tsakar bazara, wannan cuta suke yi wa magani, illa dai su zafi ne ya kai su gare ta, matuƙi kuwa zafi da nisa suka haɗu a kansa.

Maganin da maƙeran Spitfire suka yi iri biyu ne. Na ɗaya, famfo na taimako, na hannu ko na lantarki, wanda ke turo mai daga wajen tanki, domin turi ba ya haifar da kumfa yadda zuƙa ke yi. Na biyu, wani bawul wanda idan aka buɗe shi sai a dura iska cikin tankunan, a mayar wa man nauyin da sama ta ɗauke masa. Tankunan nan biyu ne, na bisa galan 48, na ƙasa galan 37, kuma, abin lura, suna zaune ne tsakanin inji da matuƙi, daf da gwiwoyinsa. Littafin umarnin matuƙa bai ce a buɗe bawul ɗin da zarar an tashi ba. Ya ce aikinsa yana farawa ne sama da ƙafa 20,000, ya kuma shar'anta kada a buɗe shi sai jar fitilar gargaɗin faɗuwar matsin mai ta kama. Illar wannan hukunci, watau dalilinsa, a bayyane take a cikin littafin: tankin ƙasa an lulluɓe shi da roba mai kumbura idan fetur ya taɓa ta, domin ta toshe ramin harsashi da kanta, amma tankin da aka cika da matsi yana feso mai ta ramin, ya hana robar haɗuwa. Watau matuƙi yana sayen ran injinsa ne da wani yanki na garkuwarsa daga wuta. Abin da wutar nan ke yi kuwa ba ɓoyayye ba ne, gama likitan nan Archibald McIndoe a kan fuskoki da hannuwan matuƙan da suka ƙone ya yi suna a asibitin East Grinstead.

Ya kamata a rarrabe wannan da wata cuta da sababbin shiga kan haɗa su, ita ce ɗaukewar injin Merlin na farko na Spitfire idan matuƙi ya kifa hancin jirgi farat ɗaya, wadda injiniya Beatrice Shilling ta yi wa maganin wucin gadi a 1941 da wani ɗan ƙarfe mai huda. Waccan laifin kafireta mai fulot ne. Merlin 66, wanda ke cikin Spitfire ɗin da DCS ta kwaikwaya, yana da kafiretar Bendix-Stromberg mai aiki da matsi, wadda ba ta damu da kifewa ba, amma fa ta fi ta dā bukatar a kawo mata mai da ƙarfi. An rufe ƙofa ɗaya, an ƙara nauyi a kan ɗaya. Haka kuma agogon da ke nuna ƙarfin iskar da ake dura wa inji, wanda kan kai laba 18 a tsakiyar faɗa, ba shi da alaƙa da matsin mai, ko da yake shi ne idon ɗalibi ya fi saurin faɗawa a kai idan inji ya yi tari.

To, a nan ne nake da magana da wannan fanni. Babu shakka ya yi abin yabo wajen riwaya: bawul yana inda yake, fitila tana kamawa, har ɗalibi ya kan koma ga ainihin littafin rundunar sama ta Ingila ya karanta shi kamar matani, manhajar ta zame masa sharhi mai motsi. Ban san wata hanya da ta fi wannan sa matashi ya fahimci abin da gidajen tarihi ke nuna masa a daskare ba. Amma riwaya daban, diraya daban. Sau da yawa za ka tarar ɗalibi ya haddace jerin matakan tayar da inji daga bakin wanda ya riga shi, ya kunna famfo, ya buɗe duk abin da ake buɗewa tun jirgi yana ƙasa, ya manta da su har ya sauka, kuma idan ka tambaye shi dalili ba shi da abin cewa sai dai haka ya ga ana yi. Wannan taƙalidi ne tsantsa, kuma ban ga laifinsa sosai ba, domin hukuncin ya iso masa ba tare da illarsa ba. Ko da manhaja ta lissafa yoyon tanki da tashin gobara daidai wa daida, iyakar asararsa ita ce ya sake hawa daga filin jirgi, alhali wanda aka rubuta wa littafin fatar jikinsa ce a kan mizani. Inda ɗaya daga cikin tafukan mizani ya zama wofi, babu sauran ijtihadi, sai al'ada.

Mustang ya nuna wata fuskar ta daban a taƙaice. Amurkawa sun sa famfon lantarki a cikin tankunansa na fiffike, masu galan 92 kowanne a ma'auninsu, da na baya mai galan 85, suka bar durin iska ga tankunan ratayawa waɗanda dama jefar da su ake yi kafin a shiga faɗa. Saboda haka wahalar mai kwaikwayon Mustang ta koma ga tuna tankin da yake sha da lokacin sauyawa, kuma mafi yawan ɗaukewar injinsa mantuwa ce, ba tafasar mai ba.

Su ma masu rubuta manhaja akwai ma'aunin da ya kamata a riƙa ɗora su a kai. Ana iya rubuta umarni mai sauƙi, cewa idan jirgi ya wuce tsayi kaza bawul yana rufe, a kunna fitila. Ana kuma iya lissafa zafin man, da saurin hawa, da nauyin iska, a bar fitilar ta kama sa'ad da sababinta ya cika. A zahiri duka biyun fitila ɗaya mutum zai gani, amma ta farko ƙa'ida ce da aka ɗora daga waje, ta biyu ce kwaikwayo na haƙiƙa. Hanyar rarrabe su kuwa ba ta da wuya: a hau da jirgi ɗaya sau biyu, sau ɗaya da sanyin hunturun Normandi, sau ɗaya da tsananin zafi, a duba ko fitilar ta kama a tsayi guda. In ta yi haka, ƙa'ida ce aka haddace wa kwamfuta, kamar yadda aka haddace wa ɗalibi.

Akwai kuma wata togaciya a cikin littafin Spitfire wadda, a ganina, ita ce jarrabawa mafi tsanani ga manhaja da ɗalibi baki ɗaya. Littafin ya yi gargaɗi cewa a lokacin zafi ƙwarai, a can ƙololuwa, tankin da aka dura wa iska yana iya sa mai ya yi wa inji yawa har ya shaƙe shi, kuma a wannan hali rufe bawul ɗin ake yi. Ga inji yana tari iri ɗaya a hali biyu, sababi kuwa kishiyar juna ne: idan jar fitila tana ci, yunwa ce, a kunna famfo a buɗe bawul, in ta ƙi a sassauta totur a sauko ƙasa kaɗan inda iska ta fi nauyi, idan kuwa fitila a mace take, bawul yana buɗe, inji yana shaƙewa, to ƙoshi ne ya yi yawa, kuma hannun da ya saba buɗewa shi ne zai rufe.