Kan Fassarar "Dead Weight" zuwa Hausa

Kalmar Ingilishi "dead weight", wadda ake ce wa "poids mort" da Faransanci, tana nufin nauyin abin da ba ya taimakon mai ɗaukarsa ko kaɗan. Yaro a farke yakan riƙe wuyan wanda ya goya shi. In ya suma sai ya saki jiki, a ji kamar ya ƙara nauyi, alhali kuwa ma'auni bai sāke ba. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa har ta kai ga mutumin da ake ja, ba ya tsinana kome.

Mai fassarar da ya bi kalma da kalma zai rubuta "mataccen nauyi", kuma a nan ya ɓata. A Hausa, abu in ya mutu ƙarfinsa ne ya tafi: mataccen agogo, matacciyar kasuwa. Bahaushe zai ɗauka nauyi ne wanda ya daina danna mutum, wato kishiyar abin da Bature ke nufi. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ba zai fisshe shi ba, domin sashensa na Ingilishi jerin kalmomi ne mai mayar da mai nema ga sashen Hausa.

Harshen kuwa bai rasa abin faɗa ba, balle a Damagaram, inda ayarin Tarabulus ke sauka unguwar Zango a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Mutanen da suka saba ɗaura wa raƙumi kantun gishirin Bilma, su ɗora wa jaki mangalar kanwa, sun raba "kaya" da "nauyi" sarai. "Nauyi" ya bi hanyar mutunci: ana ɗaukar nauyin iyali, ana jin nauyin suruki. Bai dace da malalaci ba sam. Shi "kaya" ne: ya zame musu kaya. In ya ƙi rabuwa da su, ya zama alaƙaƙai ko ƙarfen ƙafa, ko da yake waɗannan biyun sun fi nuna maƙalewa bisa ga nauyi.

Sauran tarko guda, a bakin ma'aikatan jiragen ruwa. Can kalmar tana nufin iyakar abin da jirgi ke iya ɗauka, haja da mai da ruwan sha duka, a lissafin tan. Mai fassarar takardun tashar Kwatano da ya sa "kayan banza" a nan ya zubar da hajar fatake a teku. "Iyakar lodin jirgi" ake nufi.