Kusheyin Kufai a Ƙasar Kabi: Sharhi a kan Yadda Muke Adana Tarihi

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan 'yar takarda ita ce mu nuna wani giɓi a aikin adana tarihin ƙasar Kabi, watau yadda aka kula da ganuwa da kaburburan manya, aka manta da maƙabartun talakawa na garuruwan da aka tashi.

2.0 Abin da Aka Kula da Shi

An sanya kufan Surame, birnin Muhammadu Kanta, cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, aka kuma shigar da shi jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa amincewar UNESCO a 2007. Tsohuwar fadar Argungu, inda aka rufe wasu sarakunan Kabi, ta zama gidan tarihi a 1958. Hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu kuwa bai rasa masu ziyara ba. Duk wannan abin yabo ne, amma tarihin manya ne kawai.

3.0 Abin da Aka Bari

Tun daga cin Birnin Kabi a 1805, yaƙe-yaƙen Kabawa da Gwandu sun tashi garuruwa, ambaliyar gulbin Rima kuma tana tilasta ƙaura. Masu tashi suna kwashe kayansu, su bar matattunsu. Kabarinmu kuwa tudun ƙasa ne marar rubutu, damina kaɗan ke shafe shi. Shaidarsa ɗaya ita ce tunanin dattijo, a Zauro ko a Ambursa. Ran da ya rasu, gona ta ci wurin.

Wasu za su ce addini bai yarda da gini bisa kabari ba. Mun yarda. Amma gini daban, tsare alfarma daban, domin hadisi ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya na mai rai.

4.0 Misalin Maroko

Yawancin Yahudawan Maroko sun yi ƙaura bayan 1948, suka bar maƙabartunsu a birane da ƙauyuka. Daga 2010, bisa umarnin Sarki Muhammadu na Shida, aka share aka gyara guda 167. Ƙasar Musulmi ce ta yi wa waɗanda ba Musulmi ba wannan hidima, balle mu da kakanninmu ne ke kwance a kufan.

5.0 Kammalawa

Shawararmu ita ce hakimai da dagatai su zaga da dattawa a shata iyakar kowace tsohuwar maƙabarta, a dasa mata shingen bini-da-zugu, a rubuta sunan kufan da na zuriyar da ta tashi daga nan, a ajiye kundin a gidan tarihin Kanta. Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa, sai dai a hanzarta tun masu nuna wuraren suna raye.