Oasis Sun Dawo: Wa da Ƙane Sun Shirya, Kiɗa Ya Yi Armashi

Kai jama'a, wannan rangadi na Oasis ya yi! Tun daga daren Juma'a 4 ga Yulin 2025 da suka hau dandamali a birnin Cardiff, har zuwa 23 ga Nuwamba da suka rufe taro a São Paulo ta ƙasar Brazil, wasa 41 cur, ban ga daren da za a ce sun gaza ba. Daga nan Roni na bi su ta waya, bidiyo bayan bidiyo, kuma zan faɗa da babbar murya: cikin tsofaffin ƙungiyoyin kiɗan rok da suka watse suka sake haɗuwa, ban ga dawowar da ta kama ƙafar wannan ba.

Ga wanda bai san su ba, Oasis 'yan Manchester ne, an kafa ƙungiyar a 1991, kuma ginshiƙanta 'yan'uwan juna ne uwa ɗaya uba ɗaya. Noel Gallagher shi ne babba, haihuwar 1967, shi ke rubuta yawancin waƙoƙin yana kaɗa jita. Liam, haihuwar 1972, shi ne mai murya. 'Ya'yan talakawa ne daga unguwar Burnage, mahaifiyarsu Peggy ce ta yi ɗawainiyarsu. Faifansu na farko ya fito a 1994, na biyu a 1995, kafin ka ce kwabo sun mamaye Ingila. A watan Agustan 1996 mutum 250,000 suka kalle su cikin dare biyu a Knebworth, alhali waɗanda suka nemi tikitin sun kai miliyan biyu da rabi.

Mu nan ta hanyar ƙwallo muka san su. Duk mai zama gidan kallo a Roni ko Kazaure ya sha ganin kyamara ta haska wani farin mutum mai kaurin gira yana murna idan Manchester City ta ci. To, Noel ke nan. Shi da ƙanensa masoyan City ne na gani-kashe-ni tun lokacin da kulob ɗin ke fama da ƙamfar kofi. Daga tambayar ko wane ne wannan mutumin na faɗa cikin waƙoƙinsu, ban kuma fito ba har yau.

Sai dai gidan nan ya sha rikici. Ranar 28 ga Agustan 2009, ana dab da su hau dandamali a wani bikin kiɗa a Paris, faɗa ya kaure tsakanin wa da ƙane a bayan fage, har aka fasa jita. A daren Noel ya ba da sanarwar ya bar ƙungiyar, ya ce ba zai iya ƙara ko yini ɗaya yana aiki da Liam ba. Daga nan aka shiga gaba. Habaici a jarida, gugar zana a intanet, har kotu Liam ya kai yayansa a 2011 kafin ya janye ƙarar. Kowa ya kama gabansa da tasa ƙungiyar. Mu masoya mun riga mun fid da rai.

Shi ya sa da sanarwar sulhu ta fito ranar 27 ga Agustan 2024, duniya ta ɗauka. Ƙungiyar ta ce mutum sama da miliyan 10 daga ƙasashe 158 ne suka bi layin sayen tikiti a intanet. Wasu sun yini a gaban kwamfuta suka tashi hannu rabbana. Masu shakka kuwa suka ce kuɗi ne kawai ya haɗa su, ba za su kai mako biyu ba za a sake jin kansu.

Gani ya kori ji. Ku nemi bidiyon shigowarsu a Cardiff ku kalla da kyau. Fitilu suka ɗauke, allo ya cika da kanun labaran jaridu kan sulhun, sai ga mutum biyu sun fito daga gefe, Liam riƙe da hannun Noel ya ɗaga shi sama. Ihun da ya tashi a filin nan sai da lasifikar wayata ta shaƙe. Na maimaita wurin nan har na rasa adadi, kuma duk lokacin sai tsigar jikina ta tashi. Shekara 16 ba su tsaya a dandamali ɗaya ba, ga su nan hannu cikin hannu.

Sai kuma aikin kansa. Abin da na fi tsoro shi ne muryar Liam, domin a ƙarshen zamaninsu na farko ta dusashe, tana karcewa. To, ta dawo garau. Yana nan da tsayuwarsa ta asali: hannaye a goye a baya, ƙafafu a ɗan lanƙwashe, wuya a miƙe yana ɗaga haɓa zuwa ga abin magana da aka ɗaure sama da bakinsa, sanye da rigar sanyi ko ana zafi. Ba ya rawa, ba ya tsalle. Tsayawa kawai yake ya saki murya, fili ya kama. Ku saurari waƙar Slide Away da suka fitar daga wasan Cardiff, za ku ji mutum mai shekara hamsin da 'yan kai yana jan baiti da ƙarfin ɗan ashirin, ga kuma nauyin da shekaru suka ƙara masa. Tsohuwar zuma, da ita ake magani.

Noel kuwa yana gefe da jitarsa, yana yi wa ƙanensa amshi, muryoyin biyu suna hawa juna yadda sai jini ɗaya ke iya yi. A bayansu ga Paul Arthurs da ake kira Bonehead, wanda da shi aka kafa ƙungiyar, ga Gem Archer, jita uku ke nan suna tafiya tare, ga Andy Bell da babbar jita mai gurnani, Joey Waronker na kan ganguna. Waƙa 23 cikin kusan awa biyu, mafi yawansu daga shekarun 1990, babu dogon surutu, babu 'yan rawa. Bonehead ma ya ɗan dakata a watan Oktoba don jinyar ciwon daji, ya dawo aka ƙarasa wasannin Kudancin Amurka da shi. Wannan dawowar tasa ta ƙara mini son mutanen nan.

Amma rabin daɗin rangadin 'yan kallo ne suka kawo shi. A kowane dare Liam kan sa jama'a su juya wa dandamali baya, kowa ya dafa kafaɗar na kusa da shi, a yi ta tsalle tare, irin murnar da magoya bayan City suka ara daga kulob ɗin Lech Poznan na Poland. Ka ga mutum dubu saba'in ko tamanin suna tashi suna sauka lokaci ɗaya. A Cardiff, kwana ɗaya bayan rasuwar ɗan ƙwallo Diogo Jota a haɗarin mota, aka haska rigarsa mai lamba 20 a allo. Masoyan City sun girmama ɗan wasan Liverpool, fili ya ɗauki tafi. A Heaton Park ta Manchester, inda suka yi dare biyar, waɗanda ba su samu tikiti ba suka mamaye wani tudu suna saurare daga nesa, har aka laƙaba wa tudun sunan Gallagher. Hukuma ta kafa shinge, jama'a ba su fasa zuwa ba.

Idan aka zo kan Don't Look Back in Anger kuwa, Noel kan ja da baya ya bar wa jama'a amshin. Waƙar nan ce mutanen Manchester suka rera a dandalin St Ann bayan harin bam na Mayun 2017 da ya kashe mutum 22, kuma ma'anarta a bar waiwayen baya da fushi. Ka ga magidanta masu furfura suna hawaye, 'ya'yansu da ba a haifa ba lokacin Knebworth suna rungume da su. Jin ta daga bakin mutumin da ya yafe wa ƙanensa ya sa ta zama sabuwa fil.

Ko a majalisarmu ta wajen mai shayi abin ya yi tasiri. Abokaina da ba su jin Turancin Manchester ko kaɗan sun karɓi wayar suna kallo, har wani ɗan Manchester United da ba ya ƙaunar jin sunan City ya nemi in tura masa. Wani dattijo da na ba shi labarin gabar bai tambayi komai game da kiɗan ba. Tambayarsa ɗaya ce, ko mahaifiyarsu na da rai ta ga wannan rana. Na ce tana nan. Ya yi hamdala.

Ƙorafina biyu ne. Na farko farashi: tikitin kusan fam 150 ya haura fam 350 ana tsakiyar layi, har hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta buɗe bincike kan kamfanin sayar da tikitin, Ticketmaster. 'Ya'yan talakawa bai kamata su bari a yi wa talakawa haka ba. Na biyu, sun je Toronto, Tokyo, Sydney da Buenos Aires, amma ko birni ɗaya na Afirka ba su taka ba. Muna nan, muna jira.

Mun ga yadda ta kaya da namu na gida. Tagwayen P-Square, Peter da Paul Okoye da suka tashi a Jos, sun rabu a 2017, suka shirya a Nuwamban 2021, muka yi murna, sai ga shi a 2024 sun sake ɓaɓewa. Fatana kada na Gallagher ya bi wannan hanya. A wurina wannan rangadi ya ci maki cikakke, a murya, a kiɗa, a tsari. Kai kuma mai karatu da ka yi shekaru ba ka gaisa da ɗan'uwanka saboda iyakar gona ko rabon gado, kada ka jira sai an yi rasuwa a haɗa ku a wajen zaman makoki. Tashi ka je ka yi masa sallama tun iyaye na da rai su sa albarka.