Game Dev Tycoon: Gem Ɗin da Ya San Kowane Wasa da Abin da Yake So

Kai jama'a, Game Dev Tycoon ya yi! Duk mai son buga gem a waya ko a kwamfuta, in bai taɓa wannan ba to an bar shi a baya. 'Yan'uwa biyu ne, Patrick da Daniel Klug, suka ƙirƙire shi a ɗan ƙaramin kamfaninsu Greenheart Games, suka fitar da shi a watan Disamba na 2012. Ya shiga Steam a 2013, ya sauka a wayoyin iPhone a 2017, na Android a 2018, sannan Nintendo Switch a 2020. Shekaru sun ja, amma har gobe daɗinsa bai gushe ba.

Labarin mai sauƙi ne. Kai kaɗai ne a garejin gida a shekarun 1980, da tsohuwar kwamfuta da jarin dala 70,000, kana son kafa kamfanin haɗa gem. Za ka zaɓi jigo, ka zaɓi nau'in wasa, ka zaɓi na'urar da za a buga shi a kai. Sunayen kamfanoni da na'urorin ma abin dariya ne, domin an ɗan murɗe na gaske: Nintendo ya koma Ninvento, Sony ya koma Vonny, Game Boy ya zama Gameling. Wanda ya san tarihin gem zai yi ta murmushi shi kaɗai.

To amma inda gizo ke saƙar shi ne wajen daidaita kayan da za ka zuba da nau'in wasan da ka ɗauko. Nan ne na ba masu gem ɗin lambar yabo. Nau'o'i shida ne: na faɗa, na kasada da warware ƙulli, na RPG inda kake rainon jarumi, na kwaikwayon rayuwa, na dabarun yaƙi da mulki, sai na nishaɗi mai sauƙi. Aikin kuma mataki uku ne, kowanne da maɓallan ja guda uku. Na farko: inji, salon wasa, da labari. Na biyu: hirarraki, tsarin matakai, da basirar kwamfuta. Na uku: tsarin duniyar wasan, hoto, da sauti. Lokacinka ƙayyadadde ne. In ka ja ɗaya sama, daga kason sauran ka ɗiba. Ba yadda za a yi ka cika komai.

Ɗauki misali. Ka zaɓi jigon ɗan sandan ciki, ka haɗa shi da kasada, a kan kwamfuta. Wannan haɗi ne da ya dace ƙwarai. Sai ka ja maɓallin labari har ƙarshe, ka sauke na inji ƙasa. A mataki na biyu ka ba hirarraki kaso mafi tsoka, basirar kwamfuta ka ba ta ɗan abin da ya samu. A na uku ka ƙarfafa duniyar wasan, hoto ya biyo baya. Daga nan sai ka ga mutuminka ya duƙufa a kan kwamfuta, 'yan ƙwallaye suna tsalle daga kansa suna tafiya saman allo, wasu na ƙira, wasu na fasaha, wasu kuma kurakurai ne da sai ka jira an gyara kafin ka saki. Can sai masu sharhi huɗu su fito ɗaya bayan ɗaya, lambobi suna juyawa kafin su tsaya. Star Games ta ba ka 9, Game Hero ta ba ka 10. Malam, wannan lokacin sai ka ji kamar ka tashi ka taka rawa!

Yanzu ɗauki wannan tsari ɗin dai, ka ɗora a kan jigon soja da nau'in faɗa. Sai dai ka ji kunya. Mai buga wasan harbi ba dogon surutu ya zo ji ba. Inji mai ƙarfi yake so, da abokan gaba masu wayo, da hoto mai ɗaukar ido, da ƙarar da za ta girgiza shi. Haka wasan kwaikwayo, irin na tseren mota ko gudanar da asibiti, ya fi jingina ga salon wasa da basirar kwamfuta. Na dabaru yana son tsarin matakai da faffaɗar duniya. Na nishaɗi kuwa bai damu da inji ba sam, a ba shi wasa mai daɗi da hoto mai kyau, shi ke nan. Kowane tuwo da miyarsa, in ka zuba ta wani sai a ture kwanon.

Abin da ya ƙara burge ni shi ne yadda gem ɗin ke jarraba kwaɗayinka. Da ka fara samun kuɗi za ka yi bincike ka ƙera injinka, ka sa masa labari mai rassa, da hira mai zaɓi, da buɗaɗɗiyar duniya, da sauti mai fita ta gefe biyu. Ranka zai ce ka zuba su duka, tunda ka biya. A'a! Kowanne yana cin kuɗi, kuma idan wasanninka suka girma, in ka cika kaya a ɓangaren da ba ka ba lokaci ba, ba za su amfane ka yadda ya kamata ba. Me hira mai zaɓi za ta yi a tseren mota? Gwaninta a nan ita ce sanin abin da za ka bari.

Kuma gem ɗin ba ya ba ka amsa a tafin hannu. Bayan ka saki wasa sai ka sa a yi maka rahoto, ya gaya maka cewa wannan haɗi ya dace, ko sauti bai da muhimmanci sosai a nau'i kaza. A hankali alamomin ƙari da ragi su taru a gefen maɓallanka, ilimin da ka saya da guminka. In ka ce ka gano lago, za ka yi ta maimaita jigo ɗaya da nau'i ɗaya a jere, masu sharhi su yi maka kaca-kaca. Sannan ana auna sabon aikinka da mafi kyawun wanda ka yi a baya, don haka nasarar jiya ita ce ke tsananta maka jarrabawar yau. Da ka tara dala miliyan 1 ka koma ofis, sai batun ma'aikata ya shigo: mai ƙarfi a ƙira ka ba shi labari da hira, mai ƙarfi a fasaha ka ba shi inji. Ga kuma batun masu saye, domin abin da ya karɓu ga yara a Gameling ba lallai ya karɓu ga manya a kwamfuta ba.

Su kansu masu gem ɗin 'yan duniya ne. A watan Afrilu na 2013 suka saki kwafin sata da hannunsu a intanet, amma suka dasa tarko a ciki: wanda ya sauke shi, in kamfaninsa ya fara bunƙasa, sai ɓarayin fasaha su yi ta kwashe wasanninsa har ya karye. A rana ta farko sama da kashi 93 cikin 100 na masu bugawa kwafin satar ne a hannunsu, wasu har suna kuka a intanet wai satar fasaha ta hana su ci gaba. Wanzami ba ya son jarfa!

Shawarata ita ce ka sayi na halak, kuma ka kauce wa jadawalin amsoshi da ke yawo a intanet, aƙalla a zagayenka na farko na shekaru 35 na cikin wasan. Bari masu sharhi su ba ka 4, ka zauna ka yi tunanin abin da mai son wannan nau'i yake nema, ka sake gwadawa. Ni dai a wajena, goma bisa goma ne, ba ragi.