Tanbihi a kan hashiyar mas'alar ƙauracewa

Ka sani, ya kai ɗalibi, ajamin da ke gefen wannan shafi ba maganar Ibnu Abi Zaid ba ce, mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira. Hannun wani mai kwafi ne da bai bar sunansa ba, Allah ya jiƙan shi. Da ya iso wurin hanin ƙaurace wa ɗan'uwa musulmi fiye da kwana 3, sai ya ƙara da cewa hukuncin ya hau kan ƴa mace a cikin gida ko da an cuce ta, wai haƙuri ya fi mata.

Hannunsa yana da kyau, fassarar lafazi kuma ba ta da aibi. Amma ya tsaya tun matani bai tsaya ba, domin nan gaba kaɗan mai Risala ya halatta ƙaurace wa mai bayyana manyan zunubai idan an kasa hukunta shi kuma wa'azi bai kama shi. In aka ce wannan a ɓoye ya yi nasa, to Ibnu Abdil Barri, a cikin Tamhid, ya kawo ijma'i cewa wanda ke tsoron cuta ga addininsa ko duniyarsa ya halatta ya nisanci mai cutarsa.

Mas'alar tana tsakar gidajenmu. A ƙasar Dogon Dutsi da Tibiri maza kan tafi ci-rani bayan girbi, su komo gab da damina. Yarinya ƴar shekara 15 wadda ƙanen ubanta ko mijin uwarta ya keta mutuncinta takan sami sararin numfashi da rani. Ranar da ya sauka, ita za a ce ta kai masa ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi. Daga nan barci ya ƙaurace mata, ta bar abinci, ta bar allo. Sai a ce iskoki ne, a zo mana neman rubutun sha, alhali iskan yana zaure yana shan fura.

Ina mai hashiya ya baro ƙissar Wahshi? Ya kashe Hamza ran Uhudu, daga baya ya musulunta, Annabi (SAW) ya karɓi musuluncinsa, duk da haka ya nemi ya kau da fuskarsa daga gare shi. Buhari ya ruwaito. Wa zai ɗora wa yarinya abin da Fiyayyen Halitta bai ɗora wa kansa ba? Ko da mutumin ya komo da carbi a hannu, haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da istigfari kawai, kuma yafewa tata ce, ba a ƙwatarta.

Faɗin abin da ya yi mata ba giba ba ce: aya ta 148 cikin Suratun Nisa'i ta togace wanda aka zalunta. Halilu kuma, a babin reno, ya sharɗanta amana ga mai riƙo, da wuri tsararre ga yarinyar da ake ji wa tsoro. Saboda haka mai karantar da wannan shafi ya karanta hashiyar tare da gyaranta: a raba musu gida, ya fi kyau shi ya fita, in ya ƙi ta koma wurin kakarta ta wajen uwa, a kai ta likita, a kai ƙara ga jandarma ko kotu. Wallahu a'alamu.