Zanen Kangon Majami'ar Holyrood

A farkon ƙarni na 19 masu zane na Turai suka ɗauki wani yayi, watau zana cikin tsofaffin majami'u irin na ginin Gotik. Shi wannan gini ana gane shi da dogayen ginshiƙan dutse, da manyan tagogi, da bakan gizo mai tsini a ƙoli. Cikin zane-zanen nan akwai wani da ya isa a tsaya a duba, wanda Louis Daguerre, mutumin Faransa, ya yi wajen 1824. Yana nan a ajiye a wani gidan zane na birnin Libaful, a Ingila.

Abin da ya zana shi ne kangon majami'ar Holyrood ta birnin Edinbara, wadda Sarki Dauda na Ɗaya na ƙasar Sikotilan ya kafa cikin 1128. Dare ne, ba rufi, ba taron masu ibada. Farin wata ya ratso ta tagar da ba gilashi, ya zuba a kan duwatsu, sauran wurin kuwa ya nutse cikin duhu. Gwanintar mutumin nan a wajen haske ta ke, gama dā ma sana'arsa ke nan, zana labulen gidan wasan kwaikwayo. Shi ne kuma ya bayyana wata dabarar ɗaukar hoto cikin 1839. Wanda ya ƙura wa zanen ido sai jikinsa ya yi sanyi, ya tuna duniya ba matabbata ba ce. Nan kam ya ci yabo.

Amma fa akwai abin da zanen ya rufe. Mai kallo zai zaci tsufa ne ya ka da ginin. Ashe ba haka ba ne. Cikin 1758 aka yi masa gyaran gangar Auzinawa, aka ɗora masa rufin dutse wanda ya fi ƙarfin bangayensa. Shekara goma tsakani, cikin 1768, rufin ya rufta. Aikin ganganci ne ya mai da shi kango, sa'an nan farin watan Daguerre ya zo ya lulluɓe ɓarnar, har ta zama abin sha'awa.

Aibin wannan yayi ke nan. Magina sun yi wurin don jama'a su cika shi da rana tsaka, masu zane kuwa sun fi son sa fayau, cikin dare. Ko da ya ke zane-zanen sun taimaka wajen sa Turawa ganin darajar gine-ginen kakanninsu, duk da haka wanda ya saba jin daɗin kallon kango yakan yi nauyin tambayar wa ya bari ya rushe. Har yanzu majami'ar Holyrood ba ta da rufi.